Fakin kyauta a bakin titi, gidan ajiye motoci, ko barin mota a bakin gari: wanne ya fi sauƙi?

Malam, tambayarka ita ce ka samu aiki a tsakiyar wani babban birni, za ka riƙa shiga da mota tun safe sai yamma, kuma kana so ka san abin da zai fi rage maka kashe kuɗi: ka riƙa neman wurin da ba a biya a bakin titi, ko ka shiga gidan ajiye motoci ka biya, ko kuwa ka bar motar a wajen gari ka ƙarasa da bas ko jirgin ƙasa. Abin da ke raba gardama tsakanin ukun nan shi ne yawan sa'o'in da motar za ta yi a tsaye. Wurin da ya fi araha ga wanda zai yi rabin sa'a shi ne yakan fi tsada ga wanda zai wuni, kuma kai mai wuni ne.

Da gangan hukumomin birane suke ƙuntata wurin kyauta a tsakiyar gari. Mitar karɓar kuɗin fakin ta farko an kafa ta ne a birnin Oklahoma na Amurka a shekarar 1935, bayan masu kantuna sun koka cewa ma'aikata na zuwa da sassafe su jera motocinsu a ƙofar shaguna, su bar su har yamma, mai zuwa sayayya ya rasa inda zai tsaya. Wato tun asali an tsara bakin titi ne domin wannan ya tashi wancan ya shiga, kuma wanda aka yi dokar don a kore shi, shi ne mai irin buƙatarka. Shi ya sa ko inda aka bar bakin titi kyauta, sau da yawa za ka tarar an iyakance shi da sa'a ɗaya ko biyu, ko an keɓe shi ga mazauna unguwar masu takardar izini.

Ribar bakin titi a fili take: idan ka dace, ba ka biya komai ba, kuma wataƙila ka sauka kusa da inda za ka. Asararsa ce ba ta fitowa a rasit. Donald Shoup, wani malamin jami'a a Los Angeles da ya shafe shekaru yana nazarin wannan batu, ya tattara binciken da aka yi a titunan kasuwanci masu cunkoso a birane da dama, ya ga cewa a matsakaici kimanin kashi 30 cikin 100 na motocin da ke tafiya a irin waɗannan tituna zagaye kawai suke yi suna neman gurbi. A wata ƙaramar unguwar kasuwanci kusa da jami'arsa, shi da ɗalibansa sun auna cewa kowane direba kan ɓata minti 3.3 yana nema, wanda ba ya kama da wani abu, amma da aka tara na shekara guda sai ya kai tafiyar mil 950,000. Wancan kuwa matsakaici ne na duk yini. Wanda ke nema a lokacin da gurabe suka cika, nasa ya fi haka, ga mai yana ƙonewa, ga kuma fargabar makara, domin ba ya iya cewa yau zai samu ko ba zai samu ba.

Sai kuma tara, wadda ita ce ke cinye ribar gaba ɗaya. Allunan bakin titi a manyan birane sukan zo biyu ko uku a jikin ƙarfe ɗaya, na sama ya ce an yarda a tsaya daga ƙarfe kaza zuwa kaza, na tsakiya ya cire ranar sharar titi, na ƙasa kuma, wanda yakan fi ƙanƙanta, ya ce motocin sauke kaya kaɗai da safe. Direban da ya karanta na sama ya kulle mota ya tafi, shi ne zai dawo ya tarar da takarda maƙale a gilashi, ko ƙarfe ɗaure a taya, ko ma ya tarar da filin wayam, janwe ta zo ta ɗauke. A nan zai biya tarar, ya biya kuɗin jan motar, a wurare da yawa har da kuɗin kwanan da ta yi a hannunsu. Dokokin ma ba iri ɗaya ba ne daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, layi biyu masu ruwan ɗorawa a gefen titi na nufin ba a fakin a kowane lokaci, layi ɗaya kuwa na nufin a duba allo a ga sa'o'in da aka hana. A birnin Niyok (New York) na Amurka ana tilasta wa masu motoci su kwashe su daga gefe ɗaya na titi a wasu ranaku domin motar shara ta wuce, kuma an hana ajiye mota cikin ƙafa 15 daga famfon 'yan kwana-kwana ko da babu allo. Tara guda ɗaya tana iya haura kuɗin kwanaki da dama a wurin da ake biya, kuma a nan ne garin neman gira ake rasa ido.

Duk da haka, akwai kyauta ta gaskiya a bakin titi, sai dai ta fi rataya ga lokaci fiye da wuri. Birane da yawa na daina karɓar kuɗi da maraice, wasu kuma a ranar hutun mako, kamar yadda mitocin Niyok ba sa aiki ranar Lahadi. A Jamus da wasu ƙasashen Turai akwai titunan da ake tsayawa kyauta na ɗan lokaci, da sharaɗin direba ya ajiye wani shuɗin faifai mai kama da agogo a bayan gilashin gaba, ya saita shi ya nuna lokacin da ya iso. Duk wannan yana amfanar mai ziyara da mai ɗan uzuri, amma bai taɓa sa'o'in aikinka ba.

Gidan ajiye motoci, ko na bene ko na ƙarƙashin ƙasa, kishiyar bakin titi ne ta kusan kowace fuska. Kuɗinsa a bayyane yake kuma yana da zafi, amma ka san za ka samu gurbi, ka san minti nawa za ka taka zuwa ofis, ba ruwanka da allo ko mai rubuta tara. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne farashin da aka rubuta da manyan haruffa a bakin ƙofa na sa'a ɗaya ne, kuma shi ne mafi muni a cikin farashinsu. Galibi akwai iyakar da kuɗin yini ba ya wucewa, akwai rangwame ga wanda ya shiga kafin wani lokaci da safe ya fita da yamma, akwai kuma biyan wata, wanda idan aka raba shi da ranakun aiki yakan sauko ƙasa sosai. Manhajoji irin su Parkopedia da SpotHero da JustPark suna nuna farashi a biranen da suke aiki, wasunsu har da kama gurbi tun kafin a fito daga gida. Farashi kuma yana faɗuwa da sauri idan aka ɗan matsa daga ainihin cibiyar kasuwanci, har tafiyar minti goma a ƙafa ta kawo bambanci mai yawa. Kafin ka biya na wata, ka tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ko an yarda ka fita ka dawo a rana ɗaya ba tare da sabon caji ba, da abin da ake karɓa idan tikiti ya ɓace, domin a wurare da yawa kuɗin yini cikakke ne ko fiye.

Filin manyan kantuna ba na saka shi cikin lissafi. Na masu sayayya ne, yana da iyakar lokaci, kuma da yawa yanzu kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a shiga da fita, takardar caji ta biyo mutum daga baya.

Hanya ta uku, barin mota a bakin gari, ita ce aka ƙirƙira musamman domin mai wuni. Birnin Oxford na Ingila ya fara irin wannan tsari tun 1973, kuma yanzu ya bazu a birane da dama: a tanadi babban fili kusa da tashar jirgi ko ta bas a wajen gari, inda ƙasa ke da araha, a sa kuɗinsa ƙasa ƙwarai ko a bar shi kyauta, domin hukuma ta fi son motarka ta tsaya can da ta shigo ta ƙara cunkoso. Idan aka ajiye shi gefe da gefe da gidan ajiye motoci, ya fi shi sauƙin kuɗi ko bayan an haɗa da tikitin jirgi, sannan ya rage man da ake ƙonawa a mafi cunkushewar ɓangaren hanya. Tazarar tana ƙara faɗi a biranen da ke karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari. Singafo ta fara tun 1975, Landan a 2003, Niyok a 2025, kuma a irin waɗannan wurare ko ka samu fakin kyauta a ciki, ka riga ka biya a ƙofa.

Inda gidan ajiye motoci ya fi shi shi ne 'yanci. Wanda ya bar mota a bakin gari ya ɗaura kansa ga jadawalin jirgi, ba zai iya fita da rana ya je wani wuri ya dawo cikin sauƙi ba, kuma idan aiki ya riƙe shi har dare, dole ya san lokacin tashin bas na ƙarshe. Filayen da ke kusa da tashoshi masu farin jini sukan cika da wuri, wasu ba a yarda mota ta kwana ba, rangwamen ma wani lokaci yana da sharaɗi. A Amsterdam, alal misali, ba a ba ka farashi mai rahusa sai tikitinka ya nuna lallai ka shiga tsakiyar birni da motar haya ta hukuma ka dawo. Ta fuskar tsaro kuma, filin da babu mai gadi, motoci na wuni a cikinsa ba kowa, ya fi jan hankalin masu fasa gilashi, don haka kada a bar jaka ko waya a kan kujera, ko da babu komai a cikin jakar.

A ganina, Malam, tunda kwana biyar a mako za ka riƙa zuwa kana wuni, ka cire bakin titi daga tsarinka na yau da kullum, ka bar shi don maraice da ranakun hutu. Tsakanin sauran biyun, ka yi lissafin wata guda a takarda: a gefe ɗaya biyan wata na gidan ajiye motoci da mai da kuɗin shiga gari idan akwai, a ɗaya gefen kuɗin filin bakin gari da tikitin wata na bas ko jirgi. Idan layin jirgi ko bas ya kai ka kusa da ofis ba tare da canjin mota ba, bakin gari zai yi nasara. Idan kuwa aikin na buƙatar fita da mota da rana, ko kana tashi bayan motocin haya sun yi ƙaranci, to ka nemi biyan wata a gidan da ke ɗan nesa da cibiya. Kafin ka sa hannu a ko wanne, ka tambayi wurin aikin naka ko suna da gurabe na ma'aikata ko yarjejeniyar rangwame da wani gidan ajiye motoci na kusa, domin sau da yawa akwai, sai dai ba a faɗa wa sabon ma'aikaci sai ya tambaya.