Ajin Turanci na yamma a Mabera: malamin ya iya aikinsa, ɗakin ne sai haƙuri

Niyyata ta neman gurbin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wato GKS, ita ta kai ni wata ƙaramar cibiyar koyon Turanci a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Tsarin yana ba ɗalibi shekara guda ta koyon Koriyanci, amma takardun nema sai mutum ya rubuta su da Turanci ko Koriyanci, ni kuwa Turancina na cin jarabawa ne kawai.

Malamin ba ya ba da jerin kalmomi a haddace. Ranar da muka ci karo da kalmar disruptive a wani rubutu kan kasuwanci, wani ɗan ajin ya ce, "Malam, ai mai hana ruwa gudu ke nan, kamar yaron da ke surutu a aji." Malam ya ce haka ne, amma 'yan kasuwa yabo suke yi da ita. Ya kawo Clayton Christensen na Jami'ar Harvard, wanda ya fito da wannan ma'ana a 1995: sabon abu mai araha da ke farawa da mutanen da manyan kamfanoni suka raina, sannu a hankali ya ƙwace kasuwar. Sai ya nuna mana mai POS da ke ƙarƙashin lema a tsallaken titi, ya tambaya, wa ya ƙara bin layin banki don cire dubu biyar? Ya kuma ja mini kunne cewa Koriyawa suna fassara ta da ƙirƙira mai rusawa, don haka kada in ga rusau a rubutunsu in ɗauka zagi ne.

Takardar da na rubuta don bayyana manufata ta neman gurbin kuwa, da jan biro ya bi ta layi-layi, har da inda na zuba manyan kalmomi don burga. Duk ya soke su.

Ɗakin fa sai a hankali. Fanka ɗaya ce, ga zafin Sakkwato na Afrilu da ke haura digiri 40, in an ɗauke wuta ba a tayar da janareto. Mun yi yawa, lokacin magana da baki bai isa kowa ba. Mai neman gyaran rubutu zai ci ribar kuɗinsa. Mai son bakinsa ya sake, ya tambayi yawan 'yan aji kafin ya biya.