Donepezil: abin da na gani a jikin Inna

Tun da damina ta kama nake ba Inna, mahaifiyata, ƙwayar Donepezil kullum da dare a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya ce cutar Alzheimer ce, wato cutar mantuwa da ke kama tsofaffi, ba sammu ba kamar yadda maƙwabta suka nace.

Ga yadda ya bayyana mini. Akwai wani sinadari, asitilkolin, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, kuma riƙe abu a ka yana buƙatarsa. A wannan cuta jijiyoyin da ke samar da shi mutuwa suke yi. Ƙwayar tana danne wani sinadarin da ke wargaza shi, sai ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. Wai fiya-fiyar da muke kashe ƙwari da ita ma wannan sinadarin take dannewa, amma da ƙarfin da ke kisa.

An fara mata da miligiram 5, bayan wata guda aka kai 10. Da farko ta sha tashin zuciya da gudawa, har da munanan mafarkai.

Yanzu takan kira jikokinta da sunansu, ta idar da salla ba ta rikice ba. Amma jiya ta tambaye ni Baffa, wanda ya daɗe da rasuwa. Maganin ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa. Ga tsada, kuma kemis ɗinmu ba ya ajiyewa, sai na aika Kano. Duk da haka zan ci gaba da saye. Kada wanda ya sayo ba tare da likita ya duba bugun zuciyar mara lafiya ba, domin yana rage shi.