Zagayen ƙafa a Marwa: daga majema zuwa kifin Domayo

Baƙon da ya kwana biyu a Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ba zai rasa wanda zai yi masa tayin zagaya gari da ƙafa ba. 'Yan rakiyar suna nan a bakin masaukai da ƙofar kasuwar masu sana'ar hannu, wadda mutanen gari ke kira Artizana, wani lokaci kuma direban da ya ɗauko ka daga filin jirgin Salak ne zai haɗa ka da su. Tayin kusan iri ɗaya ne: majema, Artizana da ɗan gidan tarihin da ke jikinta, babbar kasuwa, ƙofar fadar Lamiɗo, sai ciye-ciye. A ganinmu hidima ce da ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu. A fara daga majema, kuma a raba zagayen gida biyu, na safe da na dare. Wanda aka haɗa masa duka a wuni guda, daga hantsi zuwa la'asar, rana zai sha, kuma zai koma masauki bai ga abincin garin a lokacin da yake kan wuta ba.

Rana ce ke yanke komai a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma duk da inuwar dogon yaro da ta rufe manyan titunan garin, lungunan da masu sana'a suke ba su da wannan gata. Fita ƙarfe 7 na safe, a tashi ƙarfe 11, shi ne daidai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiyar ta fi daɗi, sai dai ƙurar hunturu, don haka a riƙe rawani ko mayafi. Kowa ya riƙe gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Da damina kuwa akwai abin da ɗan rakiya nagari ba ya wasa da shi. Mayo Kaliyawo, rafin da ya ratsa garin, yashi ne mafi yawan shekara, mutane na yanke hanya ta cikinsa, amma a Yuli da Agusta ruwan da aka yi a duwatsun Mandara kan gangaro ya cika shi ko ba a ɗiga ko ɗigo a Marwa ba. A wannan lokaci a bi ta gada, ko da ya tsawaita tafiya.

Majema tana gefen gari saboda wari da ruwan jima, saboda haka wannan zangon na farko a kan babur ake yin sa, ko da sunan hidimar zagayen ƙafa ne. A tambaya tun farko ko kuɗin babur yana cikin ciniki. 'Yan rakiya da yawa suna so su tsallake majema, suna cewa baƙi ba sa jure wari. Kada a yarda. Warin gaskiya ne, amma minti 40 a wurin shi ne ke koya wa ido abin da zai duba a rumfunan Artizana.

Abin da ya kamata a nuna maka, bi da bi, shi ne tafiyar fata daga ɗanya zuwa jemammiya. Ana jiƙa ta ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta kan gungume a kankare gashin da ragowar nama da kartaji. Daga nan sai ramin kashin kaji ko na tsuntsaye, wanda ke kashe kaifin tokar ya buɗe jikin fatar. Wannan ramin ne uban wari. Sai babban aikin, wato ruwan bagaruwa: ana daka 'ya'yanta a jiƙa, a tsoma fata ana murzawa ana sauya ruwan har ya ratsa ta ciki da waje. Bayan ta sha iska a shafe ta da man gyaɗa, a yi ta ja ana bugu har ta yi taushi. Jan launi na gargajiya daga karan dafi yake, baƙi kuma daga kashin maƙera, ko da yake garin rini na kanti ya shiga aikin sosai yanzu. Ɗan rakiyar da ya san aikinsa zai roƙi majemi ya yanka maka gefen fata ka ga cikinta. Idan launin bagaruwa ya ratsa daga sama har ƙasa, jima ta nuna. Idan akwai farin layi a tsakiya, an yi gaggawa, kuma irin wannan fatar ce ke tayar da wari ta yi fumfuna da zarar damina ta sauka. Kafin ɗaukar hoto a gaisa, "Sannu da aiki, Baba," a nemi izini, a kuma ba da ɗan goro hannu da hannu ga mai aikin, ba ta hannun ɗan rakiya ba.

Artizana tana tsakiyar gari, jikin babbar kasuwa, kuma tun zamanin mulkin Faransa take, kafin 'yancin kan 1960. Wanda ya zo da tunanin ɗakunan baje zane irin na Duwala, farin bango da hoto a rataye, ba zai same su a wannan zagaye ba. Fasahar Marwa a rumfa take: jakunkuna, takalma, tim-tim, kuben wuƙa, shimfiɗun tebur masu ɗinkin hannu, ƙore masu zane, da ƙirar tagulla ta mutanen Kapsiki.

A nan ne kuma hidimar ke da rauni. Mafi yawan 'yan rakiya suna da rumfunan da ke ba su kamasho, kuma kamashon a kan kuɗin kayanka ake ɗora shi. Alamar ba ta ɓuya: zai wuce rumfa goma da sauri ya tsaya a ta goma sha ɗaya, a kawo maka kujera, shi ne kuma zai riƙa faɗin "wannan ya yi araha." Ba ma ganin laifin mutum ya nemi na abinci, amma baƙo ya san da shi. Maganinsa a biya ɗan rakiya kuɗin aikinsa cikakke, a gaya masa tun a masauki cewa zagayen farko na kallo ne kawai, a bi layin rumfuna daga farko har ƙarshe ba a taya komai ba. Saye sai a zagaye na biyu, ko ma washegari kai kaɗai.

Ga abin da ake dubawa. A lanƙwasa fatar. Idan fuskarta ta tsattsage, mai bai ishe ta ba. A jiƙa farin ƙyalle a goga a wurin da ba ya nunawa. Jan da ya biyo ƙyalle zai biyo farar riga. Fatar akuya ta fi ta tunkiya ƙarfi, ta tunkiya tana da laushi a hannu amma fuskarta na saurin salɓewa, don haka ga takalmi da hannun jaka a nemi ta akuya ko kirgi. A buɗe cikin jaka a matsa gindinta, domin wasu kwali suke sawa tsakanin fata da shafi, ruwa ɗaya ya taɓa shi ya narke. A duba inda hannu ya haɗu da jikin jaka, ɗinki ne ko gam. Tim-tim a saye shi ba cushe ba, a naɗe, a cusa shi a gida. Ga tagulla kuwa ƙaramin maganaɗisu ya isa alƙali, domin ba ya kama ta. Abin da ya kama ƙarfe ne aka shafa wa launi. Ƙwarya a ƙwanƙwasa ta a ji ko tana da tsaga, a duba ƙananan ramukan ƙwari, a kuma shafa zanen: na wuƙa mai zafi yana da zurfi a yatsa, na fenti santsi ne.

Za a nuna maka kayan fatar kada da mesa da guza. Suna da kyau a ido, amma yarjejeniyar CITES ta 1973, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini, kuma rasit ɗin rumfa ba izini ba ne. Ana iya ƙwace su a filin jirgi. Ɗan rakiyar da ya faɗi wannan da bakinsa kafin a tambaye shi, a riƙe shi da kyau.

Gidan tarihin ƙarami ne, rabin awa ya ishe shi. Darajarsa ita ce kayan mutanen yankin, irin su Musgum da Tupuri, da ɗan abin da ya rage na mutanen Sawo na bakin tafkin Cadi. Bayanin da ke jikin kayan kaɗan ne, shi ya sa a nan ake gane ɗan rakiyar da ya yi karatun abin da yake faɗa. Fadar Lamiɗo kuwa yawanci a ƙofa ake tsayawa. Shiga sai da izinin dogarai, a tuɓe takalmi, mata su rufe kai, a kuma tanadi 'yar gaisuwa. A nan ya kamata a ji yadda Fulani suka karɓi garin daga hannun Giziga, da yadda Jamusawa suka ci shi da yaƙi a 1902.

Litinin ce ranar babbar kasuwa. Ga mai son ganin cika da kayan ƙauye rana ce mai kyau, ga ayarin da ya wuce mutum shida kuwa wahala ce, domin layukan sun yi ƙunci kuma na baya ba ya jin abin da ake faɗa. Fulatanci ne harshen ciniki, amma a layin mahauta da 'yan goro da 'yan koli Hausa tana kai mutum ko'ina. Abin da ke rikita 'yan Najeriya shi ne lissafin dala. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala 100 sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. A zo da takardun 500 da na 1,000 da sulalla. Mai ƙosai ba ta da canjin 10,000.

Abincin safe na hanya ne, kunun gyaɗa da makala, wato fanken nan na Kamaru, ko kindirmo da dakkere wajen matan Fulani. Ana cin makala ne a inda ake tsamo shi daga mai a gabanka. Na rana shi ne inda zagaye da yawa ke kasawa, domin sukan kai baƙo gidan abinci mai shinkafa da soyayyar kaza, abin da zai samu a kowane gari. A nace a kan tuwon masakwa, dawar nan da ake dasawa a baƙar ƙasar karal bayan damina ta nuna da rani ba tare da ruwan sama ba. Miyarsa ta folere ce, ganyen yakuwa da tunkuza, ko ta tasba, wato tafasa, ko lalo da busasshen kifi. Masu dafa shi a unguwa suna saukewa wajen ƙarfe 12, kafin 2 tukunya ta yi ƙasa. Wannan ma dalili ne na tashi daga kasuwa ƙarfe 11.

Kilishi a saye shi a inda ake yin sa. Zagaye mai kyau zai kai ka ka ga an feɗe jan nama marar kitse siriri kamar takarda, an shanya, an tsoma cikin labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, an sake shanyawa, sannan an nuna masa garwashi. A karya gefe: mai kyau yana karyewa ba danshi a ciki. A sansana, domin man gyaɗa idan ya daɗe yana sauya ƙamshi ya yi ɗaci a maƙogwaro. Jan da ya yi jawur yawanci kala ce aka ƙara, ba alamar yaji ba. A ce a naɗe shi cikin takarda. Leda tana sa shi gumi, gumi kuma fumfuna yake jawowa.

Zangon dare a unguwar Domayo yake, bayan magariba. Masu soya, wato tsire da balangu, suna barbaɗa yajin da ake kira kankan, mata kuma suna gasa karfasa da giwan ruwa da ake kawowa daga tafkin Maga da kogin Logon. A zaɓi kifi tun yana ɗanye: ido garau, cikin kunne ja, nama yana dawowa idan an danna. A yi ciniki kafin ya hau wuta, a kuma ba shi kamar rabin awa. Wanda aka miƙo cikin minti biyar ɗumame ne. Unguwar tana da mashaya da yawa, teburan masu kifi kuma sau da yawa a gabansu suke. Mai iyali, ko wanda ba ya son zama a irin wurin, ya faɗa tun da rana, a naɗe masa kifin a ci a masauki. A nan hidimar 'yan rakiya tana da amfani ƙwarai, don sun san mai gasa na yau da mai sayar da kwanan jiya.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Marwa ta ga hare-haren bam a Yulin 2015, kuma binciken jami'ai ya zama ruwan dare a yankin Arewa Mai Nisa. A riƙe katin shaida ko fasfo a jiki, ba a masauki ba, kada a ɗaga waya a gaban bariki ko shingen bincike ko ofishin gwamnati, a kuma koma masauki kafin ƙarfe 10.

Wajen ciniki da ɗan rakiya, a yanke kuɗin na mutum ɗaya ne ko na ayari, a fayyace wa zai biya babur da kuɗin shiga gidan tarihi da abincinsa shi kansa, a ba da rabi da safe, rabi bayan Domayo. A tabbatar yana jin Fulatanci da Hausa duka, domin mai Faransanci kaɗai ba ya iya jan majemi da hira. Tsoho mai ciwon gwiwa da mai asma su bar majema da yashin mayo, su haɗu da ayari a Artizana wajen ƙarfe 8 da rabi. Wajen ɗaure kaya kuma a raba kilishi da sabuwar fata, kowanne da jakarsa, domin kwana ɗaya a haɗe ya isa naman ya ɗauki warin jima, man labu kuma ya bar wa fatar tabon da ba ya fita.