Na gwada irin tumatirin gado a lambuna na Kwadon

Duk wanda yake shirin sayen irin tumatirin nan na gado don ya kai kasuwa, shawarata ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuma zai shuka don bakinsa da na iyalinsa, to bismillah, amma ya shirya ganin 'ya'yan da bai saba gani ba.

A intanet na saya, wurin wani mai sayar da iri, kala uku: Cherokee Purple, Brandywine da Costoluto Genovese. Tsofaffin iri ne da manoma suka riƙa ajiyewa hannu zuwa hannu, ba irin aure ba ne wanda sai ka koma shago kowace shekara. Na farkon daga jihar Tennessee ta Amurka ya fito, kuma a 1990 aka raɗa masa wannan suna. Na ƙarshen ɗan Italiya ne. Irin ya tsiro lafiya, a nan ban ga laifin mai kaya ba. Inda ya gaza shi ne bayanin da ke bayan fakitin: lissafin ƙasar sanyi ne zalla, wai a dasa bayan ƙanƙara ta wuce. Mu da muke noman rani a gefen hanyar Dadin Kowa a jihar Gombe, wace ƙanƙara?

Na yi dashe bayan ɗaukewar damina, kusa da kunyoyin Roma don in kwatanta. Bambancin farko tsawo ne. Roma da UC82B, irin tumatirin da ake nomawa don kasuwa, suna tsayawa su yi 'ya'ya kusan lokaci guda, waɗannan kuwa hawa suke ta yi har su wuce kan mutum, dole sai an kafa musu gora ana ɗaurewa. Aikin ya ninka.

Da 'ya'yan farko suka fito, maƙwabcina, dattijon da ya fi ni sanin tumatir nesa ba kusa ba, ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa. Gindinsa ya tattare, da tabo ruwan ƙasa da wani rami da yatsa zai shiga. "Ɗana, wannan ciwo ne, tumɓuke shi kafin ya shafi nawa." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri mu yanka tukuna." Muka yanka, ciki lafiya lau, babu tsutsa babu ruɓa. Tsoronsa ba na banza ba ne, duk wanda ya ga ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa gonakin tumatir a 2016 ba ya wasa da baƙon abu a lambu.

Ga yadda lamarin yake. In ka yanka Roma a kwance, ɗakunan ƙwaya biyu ko uku za ka gani. Waɗannan manyan suna da takwas, goma, wani ma fiye. Yawan ɗakunan ne ke sa ɗan ya yi faɗi ya yi tsaga-tsaga kamar kabewa, kuma a Costoluto wannan halitta ce, haka ake son sa. Tattarewar gindi daban ce, daga fure take farawa. Idan sanyin dare ya kama furen yana ƙarami, ba ya haɗuwa daidai, sai ɗan ya girma da tabo. Hunturun Disamba da Janairu na yin wannan aiki sosai, kuma manyan iri sun fi kamuwa. Yawan takin yuriya da yawan datse rassa suna ƙara abin, haka ma maganin ciyawa na 2,4-D in iska ta kwaso shi daga gonar wani. Akwai kuma furen da zai fito biyu ko uku a manne, yawanci a gungun farko, ya ba ka ƙaton ɗa guda mai kama da an liƙa uku wuri ɗaya. Wani kuma za ka ga siririn zane daga sama har ƙasa, wannan ɓangaren furen ne ya manne a jikinsa yana girma. Duk waɗannan ana ci, a yanke tabon kawai, kuma ba sa yaɗuwa zuwa gonar kowa.

Wanda ya kamata a damu da shi shi ne baƙin gindi mai lotsewa, alamar sinadarin kalsiyam bai isa ɗan ba, galibi saboda ban ruwa na yau a yi gobe a bari. Wannan ban ruwan ne ke fasa fatar ma, fatar waɗannan na gado kuwa ba ta da kauri ko kaɗan.

Ɗanɗano dai sai wanda ya ci. Cherokee Purple launinsa ja ne mai duhu, kafaɗarsa kore ko ya nuna, har uwargida ta ƙi taɓa shi da farko tana cewa ya lalace. Da aka yanka shi a kwaɗon zogale aka barbaɗa ƙuli, kwanon bai daɗe ba. Zaƙi da ɗan tsami, ga tsoka. A jar miya kuwa bai burge ta ba, ruwa ya yi masa yawa, sai an ci itace kafin ya kama jikinsa. Costoluto ya fi shi a tukunya. Kauɗa kam kada ma a fara da su.

Kasuwa fa? Na ɗora kaɗan a kwando na shiga da su kasuwar Kwadon don in ji bakin dillalai. Dariya suka yi. Su tumatir mai tauri suke nema wanda zai jure kwana a mota zuwa Kudu, wannan kuwa na ƙasan kwando ya riga ya fashe tun kafin a sauke.

Brandywine ne ya fi ba ni haushi. Ya fi kowa jinkiri, yakan kai kwana 90 bayan dashe, 'ya'yan kuma kaɗan. Kafin ya kankama zafin Maris ya shigo, da rana ta haura digiri 35 sai furen ya riƙa zubewa. Shi kam ba zan sake ba. Sauran biyun na cire irinsu daga 'ya'yan da suka nuna sosai: a matse ƙwayar a kofi, a bar ta kwana biyu zuwa uku ta yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. Bana zan yi dashe da wuri don furen farko ya riga tsananin hunturu, in kuma rage yuriya in ƙara takin gida.