Zaren nailan mai kabon faiba, bayan wata uku ina aiki da shi

Wata uku ke nan da na sayo naɗi ɗaya, kilo 1, na zaren nailan mai haɗin kabon faiba don firinta 3D ɗina, na'urar da ke narka roba tana gina abu hawa-hawa, kuma gaskiya da farko haushi ya ba ni sosai. Tsadarsa ta ninka ta PLA, wato zaren robar da aka fi amfani da shi a irin wannan firinta, ga shi mai shagon sai zuzuta shi yake wai abin da za ka buga da shi kamar ƙarfe ne. Ni kuma abin da ya sa na bar PLA shi ne mariƙin waya da na yi wa ƙanena na babur, rana ta doke shi ya lanƙwashe, don PLA da ya kai wajen digiri 60 sai ya fara laushi, ranar Kano kuwa kun san ba ta wasa.

Mariƙin farko da na buga da sabon zaren a tsaye na ɗora shi, ya fito baƙi wuluk gwanin sha'awa, ko layin bugun ba ka gani sosai. Kwana biyu ƙanena ya shiga rami a hanya abu ya ɓalle ƙas, daidai kan layi, sai ka ce an yanka da reza. Nan na gane abin. Faibar da ke ciki gutsi-gutsi ce ƙanana, idan zaren ya narke yana fitowa daga nozul, wato ɗan bakin firintar, sai su kwanta su bi tsawon layin, ba sa tsallakawa daga wannan hawa zuwa na sama, to tsakanin hawa da hawa robar ce kawai ke riƙe da juna. Kamar itace ne, mai faskare in ya bi tsawonsa nan da nan ya tsage, amma ya ce zai karya shi a gicciye sai ya yi gumi. Da na kwantar da mariƙin ta gefe yadda nauyi zai bi tsawon layukan, wallahi da hannu biyu na gwada karyawa na kasa.

Sauran saitin ma suna da tasiri. Zafin nozul na kai shi 280, fankar da ke sanyaya aikin na rage ta kusan kashewa don in ta yi ƙarfi hawan ƙasa yana hucewa kafin na sama ya manne masa. Cikon ciki na ɗauka shi ne ƙarfi, na yi ta ƙarawa, ashe bango 5, wato layi 5 da suka zagaye aikin ta waje, da ciko kashi 30 ya fi mini bango 2 da ciko kashi 80.

Inda ya fi wahalar da ni danshi ne. Nailan yana shan ruwan iska kamar me, da damina in ka bar shi a buɗe yini ɗaya za ka ji yana ƙara tas-tas a bakin nozul, aikin ya fito da ƙuraje kuma ba ƙwari. Dole ka busar da shi a digiri 80 kamar awa 8, kuma in an ɗauke wuta a tsakiya ka san sauran. Nozul ɗin tagulla kuma manta da shi, faibar ta cinye mini ɗaya kafin in gama rabin naɗin, sai da na sa na ƙarfe mai tauri 0.6, wanda bai cika toshewa ba kamar 0.4. Mai shagon bai gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kada kuma a haɗa shi da irin na kamfanin firinta Markforged mai shimfiɗa doguwar faiba wadda ba a yanka ba a cikin aikin, wannan wani aji ne daban, kuɗinsa ma daban. Wannan namu tauri yake ƙarawa da jure zafi, ba ya lanƙwasa amma in ya sha duka mai ƙarfi karyewa yake. Zan sake saya, amma don ƙananan kayan babur da na inji kawai. Mariƙin na biyu yana nan a babur ɗin ƙanena, wata biyu ke nan, har Wudil ya je da shi ya dawo.