Fim ɗin ɓarin wuta ko na bin sawu?

Tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a 2018, bayan shekara 35 a rufe, ni da kawuna muke gardama a nan Jidda kan finafinan 'yan sanda da ɓarayi.

Kawu na ɓarin wuta yake so: a fasa banki, motoci su yi ta tsere, harsashi kamar ruwan sama. Ban raina zaɓinsa ba. Ƙarar bindiga har ƙirji take dukanka, kuma ko ba ka bi fassarar Larabcin da ke ƙasan allo ba, labari bai ɓace maka ba. Sai dai kafin mu isa gida na manta fuskar jarumin.

Ni kuwa na bin sawu ne ke riƙe ni. Ɗan sanda ya tsuguna a ɗakin da aka yi sata, ya lura kofin shayi biyu ne a kan tebur, alhali mai gida ya rantse shi kaɗai ya kwana. Daga nan kai ma ka zama mai bincike. A nuna maka ɓarawon a gidansu, uwa na kwance ba lafiya, bashi ya yi masa katutu. Kana tausayinsa, kana kuma so a kama shi. Wannan nake biya wa kuɗin tikiti.

Matsalar fim ɗin bin sawu, yana son natsuwa. Rannan Kawu ya duba waya minti biyu, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya ɗauke makullin?" Na raɗa masa, "Kawu, yanzun nan aka nuna hannunsa, kuna kan waya."