Boris ɗin tayar tsohuwar mota: a wanke a mayar ko a sayi sabo?

Duk wanda ya ɗauko aikin tayar da tsohuwar mota, irin Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ko 404 ko Beetle, in dai ya iso kan tayoyi to sai ya ci karo da maganar boris, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye ko rola da taya ke juyawa a kansa. Wani bakanike zai ce maka oga kawai a zubar a sayi sabo, wani kuma ya ce na da ya fi ƙarko, kuma gaskiya kowannensu da hujjarsa.

Ni dai a ganina kar ka yi saurin jefar da na asali. Yawancin motocin can da boris na manyan kamfanoni suka zo irin su SKF da SNR da FAG da Timken, ƙarfe ne mai kyau sosai, in ba a bar shi babu giris ba sai ya yi shekaru yana aiki lafiya lau. Amma fa ba a yanke hukunci da ido kawai alhali yana cikin tsohon giris da ya daskare. A ciro shi, a wanke da kananzir tas, ya bushe, sannan ka kai shi cikin haske ka duba ƙwallayen ko rolan ɗaya bayan ɗaya, ka bi hanyar da suke gudu a kai da farcenka, in farcen ya maƙale a wani wuri ko ka ga 'yan ramuka ko tsatsa ko ƙarfen ya fara ɓarewa to shi kenan ya gama aiki. Haka in launinsa ya koma shuɗi-shuɗi, zafi ya ci shi ke nan, ba a mayar da irin wannan. Sannan motar da ta yi shekaru a ajiye a gindin bishiya ruwa na dukanta ita ce ta fi ban tsoro, don danshi na shiga ya bar tabo daidai inda ƙwallayen suka zauna, ko da kuwa ba ta yi wata doguwar tafiya ba.

In ya fita tsaf babu tabo, mayar da abinka da sabon giris, a cusa shi har cikin rolan ba a shafa a baya kawai ba. Kar a haɗa na hagu da na dama, kowanne ya koma kan zobensa na waje, wanda ƙwallayen ko rolan ke gudu a kai, da suka ci tare. Oyal sil kuwa, wato robar da ke hana giris zuba, da ɗan fil ɗin da ke riƙe noti dole sababbi, wannan ba wurin tsumulmula ba ne.

To in sayen ne fa? Nan ake shan wahala, saboda jabu ya cika kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya, shi ya sa manyan kamfanonin da kansu suke ta gargaɗi a kai. Ka tafi da tsohon a hannunka ko Ƙofar Ruwa ko Panteka, akwai lamba a jikinsa, da ita za ka nema ba da sunan mota kawai ba, sau da yawa lambar ta gama-gari ce za ka samu na wani kamfanin, irin su NSK ko Koyo ko NTN, daidai wa daida. Farashin da ya yi arha fiye da kima abin zargi ne. Kuma a sauya shi tare da zoben waje, sabon boris a kan tsohon zobe ba ya daɗewa.

Na Beljiyam shi ne wanda ban ba da shawara ba ko kaɗan, ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san da wace guduma aka fitar da shi ba, gara naka da ka wanke ka gani.

Wajen ɗaurawa, irin mai rola da ake saitawa da noti ba a matse shi tamau, a ɗaure ana juya tayar sannan a ɗan sassauta yadda littafin motar ya ce. Bayan ka ɗan zaga gari ka tsaya ka taɓa tsakiyar tayar a hankali, in ta ɗauki zafi fiye da 'yar'uwarta ko kana jin gurnani da ke ƙaruwa da gudu, koma gareji kafin ka hau babban titi.